Wa Ke da Ikon Cewa A'a?

Ƙannena maza da mata, da yawa daga cikinku ba neman na tuwo kaɗai ya fito da ku kasuwa ba. Wata tana sayen man kaɗe a hannun matan ƙauye da farashin da ya fi na dillalai, wani ya buɗe makaranta mai sauƙin kuɗi saboda 'ya'yan talakawan unguwarsu, wani kuma yana haɗa wa manoma famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana su biya bayan girbi. Kowannenku ya ɗauki alkawari tsakaninsa da jama'a, kuma na gaskata cewa da zuciya ɗaya kuka ɗauka. Abin da nake so ku yi tunani a kansa tun kasuwancin yana ɗanye shi ne ranar da alkawarin zai ci karo da riba, domin ranar tana nan tafe. Idan ta zo, wanda ke riƙe da ƙuri'a a kamfanin shi zai yanke hukunci, ko yana da irin niyyarku ko ba shi da ita. Mafi yawan kamfanonin da suka bar manufarsu ta asali ba miyagun mutane ne suka kafa su ba. Mutanen kirki ne da suka bar ikon yanke hukunci ya zame daga hannunsu sannu a hankali, ba tare da sun ɗaure manufar da wani abin da ya fi bakinsu ƙarfi ba.

Mu fara da sunan da kowa ya sani a gidajenmu, ko da ta gwangwanin Bournvita ne. John Cadbury ya buɗe shago a birnin Birmingham na Ingila a 1824 yana sayar da ganyen shayi da kofi da koko. Shi da iyalinsa 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker ne, masu ƙyamar giya, kuma suna ganin abin shan da suke sayarwa hanya ce ta janye mutane daga barasa. 'Ya'yansa biyu, Richard da George, sun kwashe masana'antar daga cunkoson birni a 1879 suka kai ta bayan gari, wurin da suka raɗa wa suna Bournville. Daga baya George ya sayi fili ya gina gidaje masu lambu da sarari, a zamanin da leburan Ingila ke kwana cikin ɗakuna masu duhu da danshi. A 1900 sai ya yi wani abin da ya bambanta makomar unguwar da makomar kamfanin: ya cire filin da gidajen daga dukiyarsa, ya damƙa su ga wata gidauniyar amintattu da aka rubuta mata manufarta, wato samar wa mutane muhalli mai kyau. Shi kuwa kamfanin ya ci gaba a matsayin kamfani, aka sayar da hannun jarinsa ga jama'a, ya haɗe da Schweppes a 1969, kason iyalin ya yi ta raguwa har ya zama ba su da ta cewa.

A 2010 kamfanin Kraft na Amurka ya saye Cadbury a kan kusan fam biliyan 11.5. Lokacin da ake ciniki, Kraft ya nuna cewa zai bar masana'antar Somerdale da ke kusa da Bristol ta ci gaba da aiki, wadda shi kansa Cadbury ya riga ya shirya rufewa. Kimanin mako guda bayan an kammala cinikin Kraft ya sanar cewa rufe ta za a yi, ma'aikata kusan 400 suka rasa aiki. Majalisar dokokin Birtaniya ta kira shugabannin Kraft ta yi musu tambayoyi masu zafi, amma masana'antar ba ta dawo ba. Ita kuwa gidauniyar Bournville tana nan har yau tana kula da dubban gidaje. Iyali ɗaya ne, aƙida ɗaya ce, kuma ba wanda zai ce George Cadbury ya fi ƙaunar masu haya a kan ma'aikatansa. Abin da ya ɗaure da doka ya rayu fiye da shekara ɗari bayansa, abin da ya bari a hannun kasuwa kuma ya tafi ga wanda ya fi taya shi da tsada.

Wani zai ce to ai sai a rubuta sharuɗɗa lokacin sayarwa, shi ke nan. An gwada wannan, kuma ya kamata ku san yadda ta kaya. Ben Cohen da Jerry Greenfield sun fara sayar da askirim a 1978 a wani tsohon gidan mai da ke Burlington, jihar Vermont ta Amurka, da jarin dala 12,000. Kamfaninsu, Ben & Jerry's, ya yi suna da abubuwan da ba a saba gani ba. Daga 1985 ya riƙa ware kashi 7.5 cikin ɗari na ribarsa kafin haraji ga gidauniyarsa. Ya kafa ƙa'idar cewa albashin babba ba zai wuce na ƙarami sau biyar ba. Yana sayen wani nau'in kek da yake sa wa askirim daga gidan burodin Greyston da ke Yonkers, wanda ke ɗaukar ma'aikaci ba tare da tona tarihinsa ba, ko da daga kurkuku ya fito. Amma ku lura da yadda abin ya fara sassautawa tun masu shi suna nan. An ɗaga ƙa'idar albashin zuwa sau bakwai, sannan aka yi watsi da ita a 1994 lokacin da ake neman sabon shugaba daga waje. Kuma tunda hannun jarin kamfanin yana kasuwa, da manyan masu saye suka fara tayi, daraktoci sun shiga matsin lambar karɓar farashi mai tsoka. A 2000 Unilever ya saye shi a kan dala miliyan 326.

Masu kafa shi ba su miƙa shi haka kawai ba. Sun sa an rubuta cewa kamfanin zai ci gaba da samun kwamitin daraktoci mai zaman kansa, wanda ke da alhakin kare manufarsa ta zamantakewa da mutuncin sunansa, yayin da Unilever ke riƙe da harkar kuɗi da gudanarwa. Tsarin ya yi aiki kusan shekara 20, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwaji na gaske ya zo a Yulin 2021, lokacin da Ben & Jerry's ya sanar cewa zai daina sayar da kayansa a yankunan Falasɗinawa da Isra'ila ta mamaye, domin hakan ya saɓa wa manufarsa. Matsin lamba ya taso wa Unilever daga 'yan siyasa da wasu jihohin Amurka da suka janye jarinsu. A Yunin 2022 sai Unilever ya sayar da harkar Isra'ila ga ɗan kasuwar da ke riƙe da lasisin a can, aka ci gaba da sayar da askirim ɗin a inda kwamitin ya ce a daina. Kwamitin ya kai uwar kamfaninsa kotu, alƙali ya ƙi dakatar da cinikin, aka sasanta a ƙarshen shekarar. A Nuwamban 2024 ya sake shigar da ƙara yana zargin an hana shi magana a kan Gaza. A Satumban 2025 Jerry Greenfield ya yi murabus daga kamfanin da ya kafa shekara 47 da suka wuce, yana cewa 'yancin da aka yi musu alkawari ya gushe.

Ana iya karanta wannan labari a ce takarda ma ba ta hana komai, don haka mu koma ga dogaro da mutanen kirki kawai. Ban yarda ba. Ba don yarjejeniyar 2000 ba, da kwamitin bai ko isa ƙofar kotu ba, kuma da manufar ta shuɗe tun shekarun farko ba tare da kowa ya ji labari ba. Takardar ta sayi shekaru masu yawa. Iyakarta ita ce ta ba kwamitin ikon magana, ta bar wa wani mallakar dukiyar da ikon naɗa shugaba da ikon sayarwa. Wanda ya mallaki abu yana da hanyoyi goma na kewaye wanda aka ba amanar tsaron sunansa. Don haka idan kana so ka san ko manufarka za ta rayu, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan aka kawo tayin da zai ninka kuɗi amma ya karya alkawari, wa ke da ikon cewa a'a, kuma akwai wanda zai iya tsallake shi ko ya tsige shi?

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan abin da nake faɗa ita ce ta girma, kuma ba na raina ta. Mai wannan hujja yana cewa: kai da ke taimakon mata ɗari biyu, idan ka karɓi jarin manya za ka taimaki dubu ɗari biyu, to wane irin son kai ne zai sa ka ƙi don kawai ka riƙe iko? Da wannan hujjar Vikram Akula ya tafiyar da SKS, wadda ya kafa a 1997 a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, tana ba matan karkara ƙananan basussuka. A 2005 aka mayar da ita kamfanin riba, masu zuba jari na ƙasashen waje suka shigo, masu karɓar bashi suka haura miliyoyi, kuma a 2010 aka kai ta kasuwar hannun jari aka tara kusan dala miliyan 350. Cikin 'yan watanni rahotanni suka cika gari a kan matan da bashi ya yi wa katutu, da tsananin masu karɓar biya, da waɗanda suka kashe kansu. Ba SKS kaɗai aka zarga ba, kamfanoni da yawa ne ke tsere a ƙauyuka ɗaya suna ba mace ɗaya bashi uku ko huɗu. A Oktoban 2010 gwamnatin jihar ta fitar da doka mai tsauri, mutane suka daina biya, Akula ya bar kamfanin a 2011, daga baya aka sauya masa suna, a 2019 kuma wani banki ya haɗiye shi.

Ku dubi yadda wannan ke faruwa a ƙasa, domin a nan darasin yake. Mai jari ya zuba kuɗi yana jiran su ninku cikin 'yan shekaru, sai shugaba ya ɗora wa manajojin rassa adadin sababbin masu bashi da za su kawo, manaja ya ɗora wa jami'in da ke yawo a kan babur. Shi jami'in an ce alawus ɗinsa ya dogara da yawan waɗanda ya rubuta da yawan abin da ya karɓo. Ya iso taron mako, mata suna zaune a kan tabarma, ɗaya ba ta da kuɗin biya saboda ɗanta na asibiti. A da, aikinsa ne ya zauna ya ji matsalarta. Yanzu idan ya koma ofis da giɓi a littafi shi za a tuhuma, don haka sai ya ce ba wadda za ta tashi sai kuɗi sun cika, maƙwabtanta su juyo kanta, ita kuma ta je ta ci wani bashin ta biya wannan. Babu wanda ya zauna a ofis ya ce a wulaƙanta matar nan. An dai sauya abin da ake auna ma'aikaci da shi, sauran ya biyo da kansa. Saboda haka ba girma nake hana ku ba. Ina cewa kowane kuɗi yana zuwa da wa'adinsa, kuma mai kuɗin da ke son fita da riba ninki biyar cikin shekara biyar zai tilasta muku gudun da talakan da kuke yi wa hidima ba zai iya bi ba. Ku tambayi mai jari yaushe yake son kuɗinsa, nawa yake son su zama, kuma wa yake shirin sayar wa kasonsa, kafin ku tambaye shi nawa zai bayar.

Akwai waɗanda suka warware matsalar ta hanyar raba cin riba da riƙe ƙuri'a. A kamfanin Bosch na Jamus, tun 1964 wata gidauniyar jin ƙai ce ke riƙe da mafi yawan jarin, wanda yanzu ya haura kashi 90 cikin ɗari, tana karɓar rabonta na riba tana kashewa a kan lafiya da ilimi, amma ba ta da ƙuri'a. Mafi yawan ƙuri'ar tana hannun wasu amintattu da ba su ne ke cin ribar ba. Yvon Chouinard, wanda ya kafa kamfanin tufafi na Patagonia a Amurka a 1973, ya bi irin wannan hanya a Satumban 2022. Shi da iyalinsa sun miƙa kashi 2 cikin ɗari na hannun jarin, wanda ke ɗauke da dukkan ƙuri'u, ga amintattun da aikinsu shi ne tsare manufar kamfanin, sauran kashi 98 kuma ga wata ƙungiya da ke kashe ribar a kan kare muhalli. An ƙiyasta darajar kamfanin a kan kusan dala biliyan 3. Masu suka sun ce iyalin sun kauce wa haraji mai yawa kuma har yanzu su ke jan ragamar amintattun, kuma akwai gaskiya a sukar. Duk da haka, abin da ba za a iya musantawa ba shi ne yanzu babu wanda zai azurta kansa ta hanyar sayar da kamfanin, kuma wannan ita ce ƙofar da Cadbury da Ben & Jerry's suka fita ta cikinta.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Waƙafi ke nan: a tsare asalin dukiya, a saki amfaninta. Gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibar an tsayar da ita a kan ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninta kuwa na mabukata ne. Musulmi sun gina makarantu da asibitoci da rijiyoyi a kan wannan tsari ɗaruruwan shekaru. Kuma mu abin ya fi shafarmu ta wata fuska, domin a ƙasar Hausa abin da ya fi wargaza kasuwanci shi ne rasuwar mai shi. An yi sadakar bakwai, an yi ta arba'in, sai rabon gado, kowane magaji ya ɗauki haƙƙinsa da Allah Ya ba shi, kuma ba laifinsa ba ne idan ya fi bukatar kuɗin hannu a kan makarantar da mahaifinsa ke tallafa wa marayu da ita. Wasiyya ba ta wuce sulusi. Wanda ke son wani ɓangare na kasuwancinsa ya ci gaba da hidimar jama'a bayansa sai ya tsara hakan yana raye yana da lafiya, ya zauna da malamin da ya san fiƙihun waƙafi da lauyan da ya san dokar kamfanoni, ya kuma sanar da iyalinsa tun da wuri don kada abin ya zama rigima. A Najeriya dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi rajistar amintattu da rajistar kamfanin da ba ya raba riba ga mambobinsa, ga kuma tsarin ƙungiyoyin gama kai inda kowane mamba ke da ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa.

Za a ce wannan ɗaure hannun na baya ne, duniya kuma tana sauyawa, abin da ya dace yau zai iya zama cikas bayan shekara 30. Gaskiya ne, kuma akwai gidauniyoyin da suka daskare saboda an rubuta musu sharuɗɗa masu ƙunci. Maganin shi ne a san abin da za a ɗaure. A ɗaure manufa da mutanen da ake yi dominsu, a bar hanya a sake. Shi kansa Chouinard, kafin Patagonia, sana'arsa ƙera ƙusoshin ƙarfe ce da masu hawan duwatsu ke bugawa a jikin dutse, kuma su ne ƙashin bayan cinikinsa. Da ya ga suna farfasa duwatsun da yake ƙauna, a farkon shekarun 1970 ya janye daga gare su ya koma ƙera wani abin da ake soƙawa a tsaga a cire ba tare da ɓarna ba. Da an rubuta cewa kamfanin na ƙera ƙusa ne har abada, da an ɗaure shi a kan ɓarna. Mai sayen man kaɗe ba ta bukatar rubuta cewa man kaɗe za ta yi ta saya har ƙarshen duniya. Abin da take bukatar rubutawa shi ne matan da ke kawo kaya za su samu kaso kaza na farashin sayarwa, za a biya su cikin kwana kaza, za a auna kayansu a gabansu, kuma ba za a sauya waɗannan ba sai da yardar wakilansu.

Ban kuma ce haramun ne mutum ya ci guminsa ba. Wanda ya kwana bai yi barci ba yana gina kasuwanci yana da haƙƙin ya yi arziki da shi, ya sayar idan ya gaji, kuma ba kowa ne zai iya kyautar da kamfani sukutum ba. Abin da bai halatta ba shi ne ka tara kwastomomi da ma'aikata masu karɓar ƙaramin albashi da sunan hidimar jama'a, mutane su saya a wurinka da tsada saboda sun yarda da kai, sannan ka sayar da wannan yardar ga wanda ka san ba zai riƙe ta ba. Wani ɓangare na darajar irin wannan kamfani jama'a ne suka gina shi da amanarsu. Idan tun farko niyyarka ka gina ka sayar, faɗi haka, ka yi kasuwancinka na halal kamar kowa, ba wanda zai zarge ka.

Na san mafi yawanku za su ce duk wannan maganar manya ce, mu da ko ma'aikata biyar ba mu da su. Ai yanzu ne abin yake da araha. Yau kai da abokinka biyu ne, kuna iya zama da yamma ɗaya ku rubuta abubuwa uku da ba za ku yi ba ko da za a rufe shagon, ku sa hannu a gaban shaidu, ku shigar da su cikin takardun rajista. Ranar da mai jari ya riga ya riƙe kashi 40, kowane layi sai kun roƙe shi. Ku zaɓi abin da za ku riƙa aunawa kowane wata tare da riba: nawa ya shiga hannun manomi, yara nawa ne suka ci gaba da karatu duk da iyayensu sun gaza biya, mutum nawa aka sassauta wa bashi. Ku ɗora ladan ma'aikaci a kan waɗannan ma, domin abin da ake biyansa a kai shi zai yi. Ku ba waɗanda kuke yi wa hidima kujera a inda ake yanke hukunci, kujera mai ƙuri'a. Idan mai jari ya zo, ku miƙa masa takardar kafin a fara maganar kuɗi, ku nemi a rubuta cewa idan zai fita ku ne farkon waɗanda za a yi wa tayin kasonsa. Wani zai karanta ya tashi ya tafi, kuma zai yi muku zafi idan albashin ƙarshen wata na jiranku. Wani kuma zai zauna ya yi gardama a kan layi na biyu, ya nemi a rage kaso ko a ƙara kwanaki, da wannan kuna iya ci gaba da ciniki.